Kwamfutocin kwaikwayo da lasisin manhaja: abin da doka ta ce

Yawancin kwamfutocin da ke shagunan buga takardu da gidajen intanet a Kotobabi, Nima da Maamobi na hannu ne. Ana sauke su a tashar ruwa ta Tema, a gyara su a wurare irin su Tip Toe Lane kusa da Circle, a ɗora musu babbar manhaja, wato wadda ke tafiyar da na'urar gaba ɗaya kamar Windows ko macOS. A idon doka, sayen na'ura daban, izinin amfani da manhajar da ke cikinta daban. Wannan bambanci ya samo asali ne daga shari'o'in da aka yi kan kwamfutocin kwaikwayo.

Mafarin rigimar

A 1982 kamfanin Franklin na Amurka ya fito da kwamfutar ACE, wadda ke aiki kamar Apple II. Franklin ya amsa cewa ya kwafi manhajar Apple, amma ya ce umarnin da na'ura kaɗai ke karantawa ba rubutu ba ne, don haka ba shi da haƙƙin mallaka. A 1983 kotun ɗaukaka ƙara ta ƙi wannan hujja, ta ce manhaja na da kariya ko da an dasa ta a cikin na'ura. A 1984 Franklin ya amince zai biya dala miliyan 2.5.

Kamfanonin Compaq da Phoenix sun bi wata hanya wajen kwaikwayon kwamfutar IBM. Wasu injiniyoyi suka bayyana aikin da manhajar ke yi, wasu kuma da ba su taɓa ganin rubutunta ba suka rubuta sabuwa. Tun da ba a kwafi komai ba, hanyar ta zauna, daga nan kasuwar kwamfutoci ta cika da kamfanoni masu yawa.

Shari'ar Psystar

Apple ya ba wasu kamfanoni lasisin ƙera kwamfutoci masu manhajarsa daga 1995, ya rufe ƙofar a 1997. A Afrilun 2008 kamfanin Psystar na Miami ya fara sayar da kwamfuta mai ɗauke da Mac OS X. Hujjarsa ita ce ya sayi fayafayan manhajar da kuɗinsa. Apple ya kai ƙara a watan Yuli, ya ce lasisin ya taƙaita manhajar ga na'urorin Apple kaɗai. A Nuwamban 2009 alƙali William Alsup ya ba Apple gaskiya. Psystar ya amince da diyyar kusan dala miliyan 2.7, aka kuma haramta masa cinikin. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a 2011, bisa cewa mai sayen faifan izini kawai ya samu, bai mallaki manhajar ba.

Turai ta ɗan sassauta. A 2012, a shari'ar UsedSoft da Oracle, Kotun Tarayyar Turai ta ce wanda ya sayi lasisi na dindindin na iya sayar da shi, muddin ya daina amfani da nasa kwafin.

Doka a yankinmu

Yarjejeniyar TRIPS ta 1994 ta wajabta wa ƙasashen ƙungiyar ciniki ta duniya su kare manhaja kamar yadda suke kare littafi. A Ghana, dokar haƙƙin mallaka ta 2005, mai lamba 690, ta sa manhaja cikin ayyukan da ke da kariya. Nijar, Togo, Benin, Burkina Faso, Kamaru da Chadi na cikin ƙungiyar OAPI, wadda Yarjejeniyar Bangui ta 1977 ta kafa. A Najeriya, Microsoft ya sha kaye a 2011 a ƙarar da ya kai kamfanin Franike Associates, domin bai kawo shaidar cewa kariyar dokar ƙasar ta shafi ayyukan Amurka ba. Hukuncin bai halatta kwafi ba, kuma a 2023 an sa hannu kan sabuwar dokar haƙƙin mallaka.

Abin da ya shafi mai saye da mai gyara

Lasisin Windows da ya zo tare da na'ura daga masana'anta yana bin na'urar ne, ba a ɗauke shi zuwa wata. Tun daga Windows 8, lambar lasisin kan kasance a dase a cikin na'urar, don haka kwamfutar hannu da yawa na da halastaccen izini. Matsalar na tasowa ne idan mai gyara ya ɗora kwafi ɗaya da aka fasa wa makulli a kan na'urori da dama, ko ya sa macOS a kwamfutar da ba ta Apple ba ya sayar.

Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma tsofaffin na'urori da yawa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Ga irin waɗannan akwai Linux, irin su Ubuntu da Mint, waɗanda lasisinsu ya yarda a kwafa, a raba, har a sayar da na'urar da ke ɗauke da su. Mai saye kuwa ya duba a saitin na'urar ko an kunna manhajar, ya kuma karɓi rasit da ya ambaci irin manhajar da aka ɗora masa.