Tarihin Jarfa Da Yadda Ake Goge Ta

Wani mai sauraronmu, ɗan tireda a Kakuri, ƙetaren kogin Kaduna, ya rubuto yana tambaya: tun yaushe aka fara jarfa, kuma da gaske ne akwai na'urar da ke goge ta? Ya ce ƙanwarsa na da jarfa a wuya da bille a kumatu, an ba ta shawara ta ɗiga ruwan batir.

To Malam, mun gode da takardarka. Kafin komai, don Allah a raba ta da ruwan batir. Ƙuna zai bari, tabon da ya fi jarfar muni.

Jarfa dai tsohuwar aba ce. A 1991 an tsinci gawar wani mutum cikin ƙanƙara a duwatsun da ke tsakanin Italiya da Ostiriya. Masana suka ce ya kai shekara 5,300 da mutuwa, kuma an ƙirga zane 61 a jikinsa, an yi su da baƙin toka ko kunkunniya. Haka wanzamanmu suke yi: a tsattsaga fata da aska, a cusa baƙin tukunya. A ƙasar Hausa akwai zanen asali, irin na Gobirawa da Kabawa, wanda a zamanin yaƙe-yaƙe shi ke nuna ko kai ɗan ina ne. Akwai na kwalliya, kamar kalangu da 'yar baka. Akwai kuma na magani. Dattawan Kakuri za su tuna, bayan buɗe masaƙa a 1957, yadda ake gane Banufe da Babarbare da Bayarabe a bakin ƙofa tun ba su yi magana ba. Yanzu abin ya ja baya, har dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta hana yi wa yaro zane.

Batun gogewa kuwa, a da sai dai a goge fatar da gishiri, ko a ƙona, ko a yanke. Duk tabo ne ƙarshensu. A 1960 wani Ba'amurke, Theodore Maiman, ya ƙera na'urar hasken leza ta farko, likitan fata Leon Goldman ya gwada ta a kan jarfa cikin shekarun nan na 1960. Sai a 1983 Anderson da Parrish na Jami'ar Harvard suka bayyana dabarar: a harba hasken cikin ƙiftawar ido, baƙin ya sha zafin ya farfashe, fatar kewaye ta tsira. Jiki ne da kansa ke kwashe ɓurɓushin a hankali. Shi ya sa ba a gamawa rana ɗaya. Akan koma sau shida, wani har goma, da tazarar mako shida zuwa takwas.

Ga inda zancen ƙanwarka yake, Malam. Lezar goge jarfa launi take bi. Jarfar wuya baƙa ce, baƙi kuwa shi ya fi saurin fita. Amma bille yanka ne, fata ce ta warke da rami. Babu launin da za a farfasa. Likita na iya rage zurfinsa, ba zai mai da kumatun kamar ba a taɓa ba. Sannan ga mu baƙar fata, ba kowace leza ba: wadda ake kira Nd:YAG ita ta fi dacewa, wasu kan bar farin tabo kamar kyasbi. Wanda jikinsa ke yin tabo mai tudu, ya gaya wa likita tun farko.

Bayan an yi, wurin kan kumbura, ya yi bororo. Kada a fasa, kada a ɓare ɓawon. A wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, a shafa basilin, a rufe daga rana, musamman mai zuwa gona ko mai zaman kasuwa. In aka ga mugunya ko zazzaɓi, a koma asibiti.

Ku fara da ganin likitan fata a asibitin koyarwa, Barau Dikko a nan Kaduna ko na Shika a Zariya, shi zai duba ya faɗa muku inda za ku dosa. A gaishe mana da mutanen Kakuri.