Lissafin Dala da Lissafin Allo

Ranar Lahadi, ranar kasuwar Illela, ka tsaya kusa da 'yan canji ka kasa kunne. Baƙo ya tsallako daga Birnin Ƙonni, ya ce yana da jikka biyu da dala ɗari. Yaron da ke tsaron teburin ubangidansa ba ya neman biro. Ya san dala sefa biyar ce, jikka kuwa dala metan, wato sefa 2,500 ke hannun mutumin. Kafin ƙiftawa da bisimilla ya juya su naira bisa farashin ranar, ya cire la'ada, ya miƙa yana cewa, "Ga su, Alhaji, ƙidaya." Irin wannan yaro, ko ƙanensa da aka sa boko, shi ne bayan 'yan shekaru zai zauna a zauren lacca a Sakkwato, malami ya cika allo da alamomi, ya fito yana cewa kansa ba ya ja a lissafi. Abin da ke ɓacewa tsakanin teburin canji da allon jami'a ya daɗe yana damun masana, har ya zama fagen bincike mai zaman kansa, kuma ƙasarmu tana da kaso a tarihinsa.

Lissafi ba baƙo ba ne a nan. Bakinmu ma shaida ne: ashirin, talatin, metan, arbaminya duk daga Larabci suka shigo ta hannun malamai da fatake, suka tarar da goma da ɗari da dubu a gida. Amma inda lissafi ya fi zurfi a zaurukan karatu shi ne rabon gado. Ɗauki mas'alar da almajirin fiƙihu yakan yi karo da ita: mace ta rasu ba ɗa ba iyaye, ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai. Miji yana da rabi, su kuma biyu bisa uku. Aka kasa dukiya shida, miji ya ɗauki uku, mata su ɗauki huɗu, ga shi an kai bakwai alhali shida ake da su. Sai malam ya nuna wa almajiri aulu: a sake kasawa bakwai, kowa ya ɗan ragu daidai gwargwadon rabonsa. Wanda ya gane wannan ya gane ɓangarorin lamba, ko da bai taɓa jin sunansu a aji ba.

Akwai kuma waɗanda suka wuce nan. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina, ya rubuta littafi wajen 1732 kan hatimai, inda ya bayyana hanyoyin jera lambobi a gidaje ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya. Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Nan kusa kuma, a Salame ta ƙasar Gwadabawa, maƙwabciyar Illela, Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu, ya riƙe makaranta har rasuwarsa a 1864, kuma wani matafiyi Bajamushe, Barth, da ya sadu da shi a 1853 ya yaba zurfin iliminsa ƙwarai. Abin da nake so a riƙe game da waɗannan zauruka shi ne tsarinsu. Ɗalibi yakan durƙusa gaban malam shi kaɗai, ya karanta da bakinsa, malam ya ji daidai inda ƙafarsa ta zame.

Boko ya zo da nasa nufi. Turawa akawu da ma'aji da malamin haraji suke buƙata, saboda haka lissafin elementare bai wuce tarawa da ɗebewa da haddar jadawalin sau ba. Kwalejin Katsina da aka buɗe a farkon shekarun 1920 ta ɗaga abin sama kaɗan, amma sai a 1962, da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ɗan Arewa ya sami inda zai yi digirin lissafi a gida. Iya Abubakar, mutumin Belel ta Adamawa, wanda ya yi karatu a Ibadan da Kambirij, ya jagoranci sashen lissafi na Zariya, daga baya ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978. A wancan zamani ɗalibai kaɗan ne, zaɓaɓɓu, kuma ba kasafai ake tambayar yadda ake koyarwa ba. In ɗalibi ya faɗi, shi ne bai iya ba.

Abin da ya tilasta tambayar wata guguwa ce daga waje. Bayan Rasha ta harba tauraron ɗan'adam nata na farko a 1957, Amurka ta tsorata, ta sake fasalin lissafin makarantunta. Daga 1962 aka riƙa tara masana na Amurka da Ingila da Afirka a Entebbe ta Yuganda suna rubuta littattafan "sabon lissafi", wanda ke fara wa yaro da rukunan abubuwa da ƙidaya bisa tushe biyu ko biyar tun kafin ya ƙware a tarawa. Grace Alele-Williams, mace ta farko a Najeriya da ta sami digirin digirgir, a 1963, kuma a fannin koyar da lissafi, tana cikin waɗanda suka yi wannan aiki. Niyyar mai kyau ce. Sai dai an kai littattafai inda ba a horar da malamai ba, iyaye suka ga yaro yana zana da'irori amma bai iya ba da canji ba. Ga kuma shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa maƙil. A watan Janairun 1977, a wani taro a Benin, kwamishinan ilimi na tarayya Kanar Ahmadu Ali ya sanar da soke sabon lissafi.

A shekarar nan ta 1977, cikin watan Oktoba, Jami'ar Sakkwato da aka kafa a 1975 ta karɓi ɗalibanta na farko, su 93, ƙarƙashin Farfesa Shehu Galadanci. A 1988 ta koma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a daidai lokacin da ake kafa Cibiyar Lissafi ta Ƙasa a Abuja. Ita ce jami'ar da ɗan Illela ya fi saurin kaiwa, in ya bi ta Gwadabawa da Kware.

Faɗuwar sabon lissafi ta bar darasi guda: ba a san mai koyo ba. Daga nan masu bincike suka juya ga yaron kansa. A Zariya, Lawrence Shirley, Ba'amurken da ya daɗe yana koyarwa a can, ya tattara hanyoyin da mutanen da ba su yi boko ba ke bi su yi lissafi da ka, Mamman Musa kuma ya rubuta kundinsa a shekarun 1980 kan gadon lissafi na Hausawa da yadda za a shigar da shi aji. A Recife ta ƙasar Barazil, wani bincike da aka buga a 1985 ya gwada yara 'yan talla. A bakin sana'arsu sun amsa kusan kashi 98 cikin ɗari na tambayoyi daidai. Da aka ba su lambobin nan dai a rubuce, tsirara ba labari, suka dawo wajen kashi 37. Duk wanda ya san kasuwar Illela ba zai yi mamaki ba.

To amma matsalar jami'a ta fi wannan dabara, kuma nan ne na fi so a tsaya. Tun 1908 Bajamushe Felix Klein ya lura cewa ɗalibi yana shiga jami'a sai ya ga kamar lissafin da ya baro ba shi da alaƙa da wanda ya tarar. In ya gama ya koma koyarwa a sakandare, sai ya ajiye na jami'ar gefe ya koyar yadda aka koya masa. An yanke igiya sau biyu ke nan. A 1978 David Tall da abokin aikinsa Schwarzenberger suka ba da rahoton wata tambaya da aka yi wa sababbin ɗaliban lissafi a Ingila: shin 0.999, tara na bin tara ba iyaka, daidai take da ɗaya, ko tana ƙasa da ita? Mafi yawansu suka ce tana ƙasa. Alhali sulusi shi ne 0.333 ba iyaka, kuma sulusi uku ɗaya ne cur. Waɗannan ba daƙiƙai ba ne, zakarun makarantunsu ne. Abin da Tall da Shlomo Vinner suka bayyana a 1981 shi ne kowane ɗalibi yana ɗauke da hoton abu a kansa, daban da ma'anar da aka rubuta a allo, kuma in an matsa shi da hoton yake aiki. Malamin da ke magana shi kaɗai awa biyu ba shi da hanyar ganin wannan hoto. Sai ranar duba takardun jarrabawa, lokacin da bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Ɗalibinmu yana da ƙarin kaya a ka. Tun 1974 hukumar UNESCO ta kira taro a Nairobi kan dangantakar harshe da koyon lissafi, kuma iyakar Illela misali ce a fili. 'Yan gida ɗaya, wannan a Illela yana koyon aljabara da Ingilishi, wancan a Ƙonni da Faransanci, da yamma su haɗu su yi ciniki da Hausa. Hujjar lissafin jami'a kuwa a kan ƙananan kalmomi take tsaye: "idan", "sai idan", "ko", "ga kowane", "akwai wani". Wanda bai riƙe waɗannan sosai a baƙon harshe ba zai haddace hujja tsaf, bai san inda ta ɗaure ba. Nijar ta fara gwada koyarwa da Hausa a firamare a Damagaram tun 1973, jami'ar Yamai kuma tana da cibiyar binciken koyar da lissafi irin waɗanda Faransa ta soma kafawa a ƙarshen shekarun 1960. A ganina akwai asara babba in Sakkwato da Yamai ba su zauna tare kan yaran da harshensu ɗaya ba.

Kan batun magani, shaida ta taru. A 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa suka haɗa sakamakon bincike 225 kan darussan kimiyya da injiniya da lissafi a jami'o'i. Inda malami ke lacca zalla, kusan kashi 34 cikin ɗari na ɗalibai ke faɗuwa. Inda ake sa su aiki a cikin aji, suna gwadawa suna muhawara, kusan kashi 22. Na san abin da malamin ajin farko na jami'a zai ce: ɗalibai ɗaruruwa, zafi, lasifika ba wuta, manhaja ba ta jira. Gaskiyarsa. Amma ɗalibanmu da kansu sun riga sun gano hanyar, domin da dare za ka same su a azuzuwa rukuni-rukuni, wani na gaba da su yana tsaye da alli, suna katse shi da tambaya cikin Hausa, yana komawa baya har sai sun ce sun gane. Abin da ake nema daga malami da rana bai fi haka ba: ya rubuta 0.999 da ɗigoginta a allo, ya ajiye alli, ya ce kowa ya juya ga na kusa da shi ya gamsar da shi cikin minti biyu, shi kuma ya sauko daga dandamali ya bi layi yana saurare.