Lemun Don Corleone da garakan Sisili

Wata ranar Alhamis, bayan na gama darasin tarihi a ajin ƙarshe na kolej, wani ɗalibina ya tare ni a bakin ƙofa da salula a hannu. Ya ce, "Mushe, dubi wannan. Wai gaskiya ne a finafinan mafiya duk wanda ya taɓa lemu sai ya mutu?" Ɗan gajeren bidiyo ne da aka harhaɗa daga fim ɗin The Godfather, lemu na bi, gawa na bi. Na ce masa zan duba. Na yi mako biyu ina dubawa, kuma abin da na tarar ya fi ƙarfin amsar bakin ƙofa, shi ya sa na kawo shi nan gaban ƴan uwana malamai da iyaye.

The Godfather ya fito a 1972. Francis Ford Coppola ne ya ba da umarni, labarin kuma daga littafin Mario Puzo na 1969 aka ɗauko shi. Labarin gidan Corleone ne, ƴan asalin tsibirin Sisili na ƙasar Italiya da suka kafa daular laifi a New York. Yaron bai yi ƙarya ba, lemu ya cika fim ɗin. A wurin bikin auren da aka buɗe fim da shi, ana ganin Tessio yana wasa da lemu a hannu, kuma shi ne zai ci amanar gidan a ƙarshe a tafi da shi a kashe. A teburin cin abincin Woltz, attajirin ƴan fim da ya ƙi biyan buƙatar Don, akwai lemu, da safe kuwa ya farka da kan dokinsa a cikin shimfiɗa. Shi kansa Don Vito, wanda Marlon Brando ya fito a matsayinsa, ya tsaya sayen lemu a bakin titi aka buɗe masa wuta, harsashi 5 suka same shi, lemu ya watse yana gangarawa a kan kwalta. Bai mutu ranar ba. Ya mutu bayan shekaru a cikin lambun tumatir, yana wasa da jikansa, ya sa ɓawon lemu a baki kamar haƙoran dodo.

A kashi na biyu, na 1974, Johnny Ola ya kawo wa Michael lemu tsaraba daga Miami, alhali maigidansa Hyman Roth yana shirya kashe Michael ɗin. Don Fanucci, mai karɓar kuɗin tilas a unguwar Italiyawa, ya ɗauki lemu a kasuwa jim kaɗan kafin saurayi Vito ya harbe shi. A kashi na uku, kamar yadda ya fito a 1990, Michael ya tsufa shi kaɗai a Sisili, ya mutu a kan kujera, lemu ya faɗi daga hannunsa.

To, da gangan aka yi? Dean Tavoularis, wanda ya tsara wuraren da aka ɗauki fim ɗin, ya bayyana cewa lemun don haskaka hoto aka sa shi. Mai ɗaukar hoton, Gordon Willis, ya shahara da son duhu. Ɗakunan duhu ne, kayan mazan baƙaƙe ne, ana buƙatar wani launi da ido zai sauka a kansa. Ƴan kallo ne suka lura cewa launin yana yawan zuwa gab da jini, suka ba shi ma'ana, ma'anar kuma ta zauna har masu yin finafinai na baya suka riƙa aron ta da saninsu. Akwai kuma abin da bidiyon yaron bai nuna ba: mutane da yawa sun mutu a fim ɗin babu lemu a kusa da su a lokacin. An shaƙe Luca Brasi a mashaya. An harbe Sollozzo da ɗan sanda McCluskey a gidan abinci. Mai haɗa bidiyo ya tsinci abin da ya dace da maganarsa, ya bar sauran. Wannan kaɗai darasi ne da ya isa a tsayar da aji a kansa.

Domin a ga bambanci, sai a koma 1932. A fim ɗin Scarface na Howard Hawks, alamar X tana bayyana a bango, ko a inuwa, ko a ƙofa, kusan duk inda za a yi kisa. Wannan da niyya aka yi shi tun daga farko. Wato akwai alamar da mai fim ya dasa, akwai wadda mai kallo ya tsiro da ita, kuma yaron da ya iya raba su biyun ya fara iya karatu.

Kafin lemun Corleone ma akwai wani ɗan itace da ya yi suna. A 1931 kamfanin Warner ya fitar da The Public Enemy, a zamanin da Amurka ta haramta sayar da giya, daga 1920 zuwa 1933, haramcin da ya azurta ƴan fasa-ƙwauri. James Cagney ya fito a matsayin Tom Powers. Wata safiya suna karin kumallo da budurwarsa, wadda Mae Clarke ta taka, ta faɗi maganar da ba ta yi masa daɗi ba, sai ya ɗauki rabin garehul, wannan babban lemu mai ɗaci-ɗaci irin wanda ake kawo mana daga Timia, ya murza mata a fuska. Daƙiƙoƙi kaɗan ne, amma shi ne abin da aka fi tunawa a fim ɗin har yau, fiye da duk harbe-harben. A nawa ganin dalilin a fili yake. Bindiga abin waje ce, garehul kuwa abincin gida ne. Hoton ya nuna cewa wanda ya saba taka mutane a titi ba ya ajiye halin a zaure idan ya shigo. Kamfanin ya rubuta a farkon fim ɗin cewa ba nufinsa ɗaukaka ɗan ta'adda ba ne, kuma a ƙarshe an kawo gawar Tom a naɗe an jingina a ƙofar uwarsa. Duk da haka matasa Cagney suka so. Daga 1934 aka tsananta dokar tace finafinai a Hollywood, wadda ta ce laifi kada ya fito da riba.

Ni malamin tarihi ne, don haka abin da ya fi kama ni shi ne abin da na gano da na bar allo na koma Sisili kanta. Ko masu fim sun nufa ko ba su nufa ba, lemu da mafiya tare suka girma.

Musulmi daga ƙasar da ake kira Tunisiya a yau sun fara shiga Sisili a shekarar 827, birnin Palermo ya faɗa hannunsu a 831. A zamaninsu noman lemu da dabarun ban ruwa suka kafu a kwarin da ke kewaye da birnin, wanda daga baya aka yi wa laƙabi da Conca d'Oro, wato kwarin zinariya. Ƙarnuka suka wuce. A 1747 wani likitan jiragen ruwan Ingila, James Lind, ya yi gwaji a kan matuƙa 12 masu ciwon da ke sa dasashi jini da zubewar haƙora, ya ga waɗanda aka ba lemu sun fi saurin warkewa. A 1795 rundunar ruwan Ingila ta fara raba ruwan lemun tsami ga sojojinta. Cikin ƙarni na 19 lemun Sisili ya zama haja mai tsada, ana lodinsa zuwa London da New York.

Duk mai garka a cikinmu zai gane abin da ya biyo baya. Itacen lemu sai ya yi shekaru kafin ya fara ba da ƴaƴa. Yana son ruwa a kan kari. Wanda ya toshe maka rijiya a tsakiyar rani, ko ya shiga da gatari dare ɗaya, ya rusa wahalar shekara goma. Ga dukiya a fili, ga hukuma ba ƙarfi, musamman a rikicin da ya biyo bayan haɗe Italiya a 1860 da 1861. Sai masu gadi suka zama dole. Su kuma masu gadin suka gane cewa tsoro ma haja ne: idan ba ɓarawo, sai su samar da shi.

Akwai labarin wani likita a Palermo, Gaspare Galati, wanda ɗan tarihi John Dickie ya kawo a littafinsa Cosa Nostra. A 1872 Galati ya karɓi kula da wata garkar lemu mai hekta 4 a gefen birnin. Ya tarar mai gadin yana satar amfanin, yana kuma korar masu saye. Ya sallame shi ya ɗauki wani. A 1874 aka harbe sabon har lahira. Ya sake ɗaukar wani, shi ma aka harbe shi, amma ya rayu. Wasiƙun barazana suka yi ta zuwa, ƴan sandan yankin kuma suka ƙi taɓa wanda ake zargi. A 1875 likitan ya kwashe iyalinsa ya gudu Naples, ya rubuta wa ministan cikin gida abin da ya gani. Takardarsa tana cikin bayanai na farko-farko da aka samu a kan yadda mafiya take aiki. A 2017 masana tattalin arziki uku, Dimico da Isopi da Olsson, suka bi tsofaffin rahotannin gwamnatin Italiya, suka nuna cewa garuruwan da ke noman lemu sun fi sauran samun mafiya.

Alaƙar ba ta yanke ba. Gidan Greco, ɗaya daga manyan gidajen mafiya na ƙarni na 20, daga Ciaculli suke, ƙauyen da aka sani da mandarin. A can ne a 1963 bam da aka ɗana a mota ya kashe jami'an tsaro 7. A watan Janairun 2010 kuma, a garin Rosarno na yankin Calabria, inda wata ƙungiyar mai suna 'Ndrangheta take da ƙarfi, aka harbi ma'aikatan tsinkar lemu ƴan Afirka da bindigar iska. Ma'aikatan suka yi bore, aka far musu, a ƙarshe hukuma ta kwashe fiye da 1000 daga garin. Yawancinsu ƴan Afirka ta Yamma ne, irin samarin da muke gani suna bin hanyar Agadas.

Ga abin da ya sa na ce maganar ta shafe mu. Don Vito na fim dattijo ne mai son iyali, mai cika alkawari, wanda talaka ke kai wa kuka. Ba a nuna maka mai garkar da ya gudu ya bar gadon ƴaƴansa. Ko kalmar mafiya ba a furta ta a fim na farko ba, domin ƙungiyar Italiyawan Amurka da Joe Colombo ya kafa ta matsa aka cire ta, shi kuwa Colombo shugaban ɗaya daga gidajen mafiya biyar na New York ne. Fim ɗin gwaninta ne, ban musa ba, kuma wanda ya kalle shi da natsuwa zai ga Michael ya ci duniya ya rasa kowa, har ɗan uwansa Fredo ya sa aka kashe. Amma yaro mai shekara 15 ba ya kallon sa'o'i uku. Yana kallon daƙiƙa 40 a salula, da kwat da zobe da sumbatar hannu. Wanda ya ga fim ɗin Zinder na Aicha Macky, na 2021, ya ga yadda samarin Kara-Kara suke ɗauko suna da alama daga nesa ba tare da labarin da ke bayansu ba.

Hani kaɗai ba zai yi mana aiki ba, salular tana aljihunsu. Abin da na gwada a aji shi ne tambayoyi uku a kan kowane hoto: wa ya sa wannan abu a nan, me yake so in ji, kuma wa aka bari a waje? Uba ko uwa ma za su iya yin su a tsakar gida, ba sai da allo ba.

Da na koma wa ɗalibina, na ba shi labarin Galati daga farko har gudunsa zuwa Naples. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ashe mai gadin ne ɓarawon." Na ce masa ya rubuta mini shafi ɗaya a kan haka kafin Litinin, ya kuma tambayi kakansa, wanda ke da garka a bakin gulbi, nawa ne shekarun da itacen lemu yake ɗauka kafin a ci ɗansa na fari. Allah ya shirya mana zuri'a.