Fuskar Nkrumah a Kan Sidi

Duk wanda ya taɓa karɓar canji a kasuwar Kejetia ta Kumasi, ko a wani shago a Nima cikin Accra, ya riƙe fuskokin mutum shida a tafin hannunsa, ko ya lura ko bai lura ba. Suna jere a gaban takardun sidi kamar abokai a hoton biki. Ɗaya daga cikinsu shi ne Kwame Nkrumah, shugaban Ghana na farko. Wanda bai san tarihi ba zai ɗauka tun fil azal haka suke zaune lafiya. Alhali kafin a kai ga wannan hoto, an ɗora fuskar Nkrumah a kan kuɗi, an goge ta, an yi shekaru talatin da biyar babu ita, sannan aka maido ta. Har yau kuma mutanen Ghana ba su gama gardamar ba.

Mu Hausawa muna da dalilin sauraron wannan gardama, ko don sunan kuɗin kansa. Kalmar sidi ta fito ne daga sunan wuri a harshen Akan, kamar yadda kalmarmu ta kuɗi asalinta jam'in wuri ce. Da wurin nan kakanninmu fatake suka sayi goro a Salaga. Wuri ba shi da fuskar kowa. Turawa ne suka kawo mana sule da fataka masu kan sarkin Ingila, tsabar da ake kashewa daga Banjul har Kano, suka koya mana cewa kuɗi ma yana faɗin wanda ke mulki.

Nkrumah ya fahimci wannan darasi sarai. Ghana ta sami 'yanci ranar 6 ga Maris 1957, a shekarar 1958 kuma babban bankinta ya fitar da fam na Ghana. A kan tsabar kuɗin aka buga kan Nkrumah. Hujjarsa, wadda ya bayyana a wata jaridar Landan tun 1957, ita ce yawancin mutanensa ba sa karatu, don haka sai an nuna musu 'yanci da alamar da ido zai gani: manomin koko ya duba kwabonsa ya ga baƙar fata ɗan'uwansa a inda sarkin Turawa yake a da. Hujja ce mai ƙarfi, ba ma raina ta. Sai dai abin dariya, rubutun da ya kewaye kan nasa, mai cewa shi ne ya kafa ƙasar Ghana, da Latin aka yi shi, harshen da ko masu karatun ma ƙalilan ne ke ji.

Wannan rubutu ne ya fi ƙona wa 'yan adawa rai. J.B. Danquah da K.A. Busia da magoya bayansu, musamman a ƙasar Ashanti, suka ce da sake. A lokacin Nkrumah firayim minista ne kawai, sarauniyar Ingila ce shugabar ƙasa a tsarin mulki har zuwa 1960. Sannan, in ji su, 'yanci ba aikin mutum ɗaya ba ne. Jam'iyyar UGCC an kafa ta a Saltpond ranar 4 ga Agusta 1947, lokacin Nkrumah yana Landan. Su ne suka gayyato shi ya zo ya riƙe musu sakatare, ya balle a 1949 ya kafa tasa, CPP. A ganinsu, an ɗauki ɗan aike an mai da shi mai gida. Magoya bayansa kuwa suka ce ai lauyoyin UGCC da an bar su, da har yanzu suna rubuta wa gwamna takardar roƙo; Nkrumah ne ya fitar da talakawa kan titi, ya ci zaɓen 1951 yana cikin kurkuku.

Mutanen zango ba 'yan kallo ba ne a wannan rikici. Da yawa daga cikinsu suna jam'iyyar Musulmi ta MAP, wadda ke cikin 'yan adawa. A watan Agusta 1957, wata biyar kacal bayan 'yanci, gwamnatin Nkrumah ta kori manyan jagororinsu biyu na Kumasi zuwa Najeriya, ɗayansu Alhaji Amadu Baba, Sarkin Zango. A ƙarshen shekarar aka yi dokar hana jam'iyyun addini da na ƙabila. Saboda haka lokacin da sabon kwabo ya iso zangon Kumasi, akwai gidajen da suka ga fuskar mai 'yanto ƙasa, akwai kuma waɗanda suka ga fuskar wanda ya raba su da shugabansu. Kada kuma mu yi saurin ɗaukar ɓangare: gwamnatin Busia ce a 1969 ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar, dubban Hausawa da Yarabawa da sauransu suka tattara komatsai suka kama hanya. Zango ya ɗanɗana daga hannun kowane gida.

Ranar 19 ga Yuli 1965 Ghana ta yi watsi da fam da sule, ta fitar da sidi da pesewa. Wannan karon fuskar Nkrumah ta hau har kan takardun kuɗi. A lokacin ƙasar ta koma mai jam'iyya ɗaya, mutum-mutuminsa na tsaye a gaban majalisa, hotonsa na kan sarkin wasiƙa. Wata bakwai bayan haka, ranar 24 ga Fabrairu 1966, yana kan hanyar zuwa Hanoi, sojoji da 'yan sanda suka kifar da shi. Aka tumɓuke mutum-mutumin. Kuɗi kuwa ba ya tumɓukuwa a rana ɗaya, don haka shekara guda cur mutane suka ci gaba da sayen abinci da fuskar mutumin da rediyo ke la'anta safe da yamma. Sai a Fabrairun 1967 aka fitar da sabon sidi. An ce an yi shi ne don sauƙaƙa lissafi, sabon sidi ɗaya ya zama daidai da tsohon sule goma, kuma da gaskiya a ciki. Amma kowa ya san babban dalilin.

Ya rasu a Bukares ranar 27 ga Afrilu 1972, bayan zaman gudun hijira a Konakiri, inda Seku Ture ya ba shi matsayin abokin shugabanci. Gini ce ma ta riga ƙasarsa tunawa da shi a kan kuɗi: a 1980 hotonsa na kan takardar sili biyar. A gida, sannu a hankali aka huce. An kawo gawarsa garinsu Nkroful, a 1992 gwamnatin Rawlings ta gina masa makwanci a tsakiyar Accra.

Abin mamaki, magadan abokan hamayyarsa ne suka maido shi kan sidi. A 2002, zamanin John Kufuor, wanda jam'iyyarsa ta NPP ke danganta kanta da Danquah da Busia, aka fitar da takardar sidi dubu goma ɗauke da hoton mutum shidan da Turawa suka tsare bayan tarzomar Accra ta 1948. Da aka sake fasalin kuɗin a 2007, aka yanke sifili huɗu, sai hoton ya mamaye dukkan takardun. Dabara ce mai kyau: an karrama Nkrumah, an kuma rage masa tsawo, ya zama ɗaya cikin shida.

A nan ya kamata mu tsaya mu dubi hoton da kyau. Danquah, wanda ke cikinsa, ya rasu a kurkukun Nsawam ranar 4 ga Fabrairu 1965, tsare a ƙarƙashin dokar Nkrumah ta 1958 mai ba da damar ɗaure mutum ba tare da shari'a ba. Obetsebi-Lamptey ya rasu a 1963, bayan shi ma an tsare shi. Ako-Adjei, abokin Nkrumah tun suna karatu a Amurka, wanda shi ne ya ba da sunansa a kira shi gida, an zarge shi da hannu a harin bam na Kulungugu na 1962. Kotu ta wanke shi, aka sake shari'ar, aka yanke masa hukuncin kisa, daga baya aka mai da shi ɗauri. Edward Akufo-Addo na cikin alƙalan da suka wanke shi, aka raba shi da kujerarsa. Waɗannan su ne "abokan" da ke kafaɗa da kafaɗa a aljihun kowane ɗan Ghana. Yaron da ya koyi tarihi daga takardar kuɗi ba zai taɓa jin ƙanshin wannan labari ba.

Masoyan Nkrumah ba su gamsu da kaso ɗaya cikin shida ba. Da mulki ya koma hannun John Atta Mills, aka ayyana ranar haihuwarsa, 21 ga Satumba, ranar wanda ya kafa ƙasa, sannan a 2010 aka fitar da takardar sidi biyu da hotonsa shi kaɗai, don cikar shekara ɗari da haihuwarsa. Da Nana Akufo-Addo, ɗan wancan alƙali, ya hau mulki, majalisa ta yi doka a 2019 ta mai da 4 ga Agusta ranar waɗanda suka kafa ƙasa. Daga "wanda" zuwa "waɗanda": gardamar 1958 ce dai, jikoki suka gada.

In za a tambaye mu, Nkrumah ya cancanci zama a kan sidi, har ma shi kaɗai a wata takardar. Madatsar Akosombo da tashar jiragen ruwa ta Tema da makarantun da ya gina suna nan, kuma babu wani cikin biyar ɗin da ya girgiza Afirka kamarsa. Kuskurensa shi ne bai jira ba. Ya ba kansa abin da ya kamata wasu su ba shi, shi ya sa darajar ta faɗi ranar da kujerar ta faɗi. A Najeriya, duk rikicinmu, ba mu taɓa ɗora mai rai a kan naira ba. Murtala Muhammed an kashe shi a Fabrairun 1976, ya hau naira ashirin a 1977, gwamnatoci nawa suka zo suka wuce babu wadda ta taɓa shi, har takardar ta ci sunansa a bakin 'yan kasuwa. Amma hoton mutum shidan ma bai kwanta mana ba, don sulhu ne da aka yi ta hanyar rufe baki, ba ta hanyar faɗin abin da ya faru ba.

Ita kuwa takardar sidi biyu, ba 'yan siyasa ne suka fara cin ta ba, hannun mutane ne. Ƙaramin kuɗi ne, yana yawo tsakanin mai koko da yaron mota da mai sayar da ruwan leda, ya yi dauɗa ya yage cikin ɗan lokaci. A 2019 babban bankin ya fitar da tsabar sidi biyu, a 2021 kuma gwamnansa ya ce za a daina buga takardun sidi ɗaya da biyu saboda tsadar sake buga su. Tsabar ba ta ɗauke da fuskar kowa.