Hubbaren Shehu da Al'adar Ziyara a Sakkwato

Hubbaren Shehu yana cikin tsohon garin Sakkwato, kusa da Masallacin Shehu, kuma yana cikin manyan wuraren ziyara a ƙasar Hausa. Asalinsa gida ne. Muhammadu Bello ne ya kafa birnin a 1809, amma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi zamansa a Sifawa yana karantarwa da wallafa, sai a 1815 ya taso ya tare a Sakkwato. Bai yi nisan kwana a nan ba. A Afrilun 1817 Allah ya yi masa rasuwa, aka rufe shi a cikin gidansa.

Tun daga lokacin ƙafa ba ta ɗauke ba. Almajiransa da jama'ar sarakunan da suka karɓi tuta, daga Kano da Katsina har Bauchi da Adamawa, in sun zo gaishe da Sarkin Musulmi sukan biya su yi wa Shehu addu'a. Littafin Wazirin Sakkwato Giɗaɗo ɗan Laima, Raudul Jinan, wanda ya tattara karamomin Shehu, ya ƙara wa wurin kwarjini a zukatan mutane.

Sai dai mata su ne suka fi raya hanyar. Nana Asma'u, 'yar Shehu, ta tsara ƙungiyar 'Yan Taru, inda kowace jaji, da malfa a ka, takan jagoranci 'yan mata da dattijan mata daga ƙauyuka su tako zuwa wurinta. Sukan riƙo ɗan abin hannu, hatsi ko zuma ko man shanu, su ɗauki karatu, su koma gida da waƙoƙin wa'azi a ka. Da ta rasu a 1864 aka rufe ta kusa da mahaifinta, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da karɓar su, ayarin bai watse ba. Ke nan ga matar ƙauye neman ilimi da ziyara tafiya ɗaya ce, kuma har yau mata na da yawa a cikin maziyarta.

Sarakunan Musulmi na ƙarni na 19 da dama ba a nan suke kwance ba, domin zaman ribaɗi ya fitar da su daga birni. Bello ya rasu a Wurno a 1837, kabarinsa na can, shi ma ana ziyartarsa. Abdullahi, ƙanen Shehu, yana kwance a Gwandu. Na baya-bayan nan ne ake kaiwa Hubbare: Abubakar na III a 1988, Muhammadu Macciɗo bayan haɗarin jirgin sama na 2006, da Ibrahim Dasuki a 2016.

Ginin laka ne a da, an sha gyara shi har ya koma na siminti. Maziyarci yakan tuɓe takalmi a ƙofa, ya ratsa ta cikin almajirai da masu jiran sadaka, masu kula da wurin su yi masa jagora ya yi sallama, ya yi addu'a, ya fito. Wasu daga Nijar suke zuwa, wasu daga Kamaru.

Al'adar ba ta rasa masu suka ba, musamman bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978. Abin lura shi ne kowane ɓangare da Shehun yake kafa hujja. Masu suka suna nuna littafinsa Ihya'us Sunna, inda ya lissafa shafar kabari don neman tabarruki cikin bidi'o'i. Masu ziyara kuma sukan ce Shehu Baƙadire ne da ya yarda da waliyyai, kuma ziyarar kabari don addu'a da tuna lahira sunna ce. Takaddamar tasu ta fi tsayawa ne a kan abin da mutum yake yi in ya shiga ciki.