Takardar Rajista: Garkuwa ko Linzami? Waiwaye a Kan Tarihin Ƙungiyoyin Ƙwadago a Nijeriya

Gabatarwa

Ranar 4 ga Oktoba, 1922 ba ta da wani muhimmanci a tarihin ƙwadago, amma ranar 4 ga Oktoba, 2022 tana da shi. A ranar ne Ministan Ƙwadago na lokacin, Chris Ngige, ya miƙa wa sababbin ƙungiyoyin malaman jami'a biyu, CONUA da NAMDA, takardun rajista, alhali ASUU tana cikin wata na takwas na yajin aiki. Da yawa daga cikinmu, malamai da ɗalibai, mun ɗauki abin a matsayin sabon salo. Hausawa kuwa sun ce waiwaye adon tafiya. Manufar wannan maƙala ita ce mu bi sawun wannan 'yar takarda tun daga zamanin Turawa, domin mu ga yadda ta kasance garkuwa ga ma'aikaci a wani lokaci, a wani lokacin kuma ta zama linzami a hannun hukuma.

Zamanin Turawa

Ƙungiyar ma'aikata ta farko da tarihi ya tabbatar a ƙasar nan ita ce ta ma'aikatan gwamnati, wadda aka kafa a Ikko a 1912. Ta malaman makaranta ta biyo baya a 1931. A wancan zamani babu wata doka da ta san da zamansu. Koke kawai suke rubutawa, in Bature ya ga dama ya karanta.

Dokar Ƙungiyoyin Ƙwadago ta 1938, wadda ta soma aiki ranar 1 ga Afrilu, 1939, ita ce ta sauya lamarin. Ta halatta wa mutum biyar kacal su kafa ƙungiya, amma da sharaɗin cewa sai an yi mata rajista kafin ta zauna ciniki da masu ba da aiki ko ta kira yaji. A nan ne tushen zancenmu yake, domin da hannu guda aka ba da 'yanci, da ɗaya hannun kuma aka riƙe igiyarsa. Ƙungiyar ma'aikatan reluwe, a ƙarƙashin Michael Imoudu, ita ce ta fara karɓar takardar a 1940. Takardar ba ta hana Turawa tsare Imoudu a 1943 ba, kuma ba su sake shi ba sai a 1945, dab da babban yajin aikin da ya tsayar da jiragen ƙasa da tashoshin ruwa har fiye da kwana 40 saboda tsadar rayuwa. Haka nan samun ƙungiya bai kare masu haƙar kwal na Inugu ba, inda 'yan sanda suka bindige mutum 21 ranar 18 ga Nuwamba, 1949.

Sauƙin da dokar ta yi kuma ya haifar da tasa illar. Tun da mutum biyar sun isa, sai kowane kamfani da kowane sashe ya kafa tasa, har ƙungiyoyi suka yi yawa kamar jamfa a Jos, akasarinsu ba su da kuɗin hayar ofis balle na riƙe yaji.

Soja Sun Ɗaure Tsintsiya

Bayan samun mulkin kai, manyan cibiyoyin ƙwadago sun rarrabu, wasu suna kallon Rasha, wasu suna kallon Amurka da Ingila. Duk da haka sun haɗa kai a yajin gama-gari na watan Yuni, 1964. Dokar soja ta 1973 ta ɗaga adadin masu kafa ƙungiya daga 5 zuwa 50. A 1974, wajen jana'izar wani jigon ƙwadago a maƙabartar Apena da ke Ikko, shugabannin cibiyoyi huɗu suka yi alkawarin dunƙulewa, suka kuma cika shi a watan Disamba, 1975.

Gwamnatin Janar Murtala ta ƙi amincewa da wannan haɗaka da ma'aikata suka yi da kansu. A 1976 aka kafa kwamitin bincike na Mai Shari'a Adebiyi, daga bisani aka haramta wa shugabanni 11 shiga harkar ƙwadago, ciki har da Imoudu da Wahab Goodluck. Sai gwamnati ta naɗa kantoma, Michael Abiodun, wanda ya tattara ƙungiyoyi kusan 1,000 ya mayar da na ƙananan ma'aikata guda 42, bisa sana'a. A watan Fabrairu, 1978 aka ƙaddamar da NLC a Badun, Hassan Sunmonu yana shugaba, aka kuma rubuta sunanta da na rassanta a cikin doka.

Ya kamata mu yi wa wannan tsari adalci. Ya ba ƙungiyoyi ƙarfin da ba su taɓa samu ba, domin an wajabta wa masu ba da aiki su amince da su, su kuma riƙa cire kuɗin ƙungiya daga albashi kai tsaye. Da wannan ƙarfi ne NLC ta yi yajin 1981 da ya samar da mafi ƙarancin albashi na Naira 125. Sai dai fa tsintsiyar da wani ya ɗaure maka, ya san inda ƙullin yake.

Shari'ar Osawe

Tsarin 1978 ya zo da wani sharaɗi mai nauyi: Magatakardan Ƙungiyoyin Ƙwadago ba zai yi wa sabuwar ƙungiya rajista ba muddin akwai wata da ke wakiltar irin waɗannan ma'aikata. A gefe guda kuma, sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1979 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin kafa ƙungiyar ƙwadago ko shiga wadda yake so. Ba makawa wata rana waɗannan biyu su yi karo.

Sun yi karon ne a ƙarar da Osawe da abokansa suka shigar. Wasu ma'aikatan makarantu ne suka nemi a yi wa ƙungiyarsu rajista, Magatakarda ya ƙi, bisa hujjar cewa NASU ta riga ta wakilce su. Babbar Kotu ta ba su gaskiya, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe hukuncin, a 1985 kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da ƙin rajistar. Hujjarta ita ce 'yancin haɗuwa yana da iyaka, kuma doka tana iya taƙaita shi domin zaman lafiyar jama'a, tun da barin kowa ya kafa tasa zai mayar da ƙasa cikin ruɗanin da aka fito daga ciki.

Mai karatu ya lura da wanda wannan hukunci ya yi wa daɗi. Manyan ƙungiyoyi sun sami katangar da ta kare su daga kishiya, amma ma'aikacin da shugabanninsa suka yi watsi da shi ya rasa ƙofar fita. A 2008 ma Kotun Ƙoli ta sake bin wannan hanya a shari'ar ma'aikatan lafiya na karkara, inda ta ce yarjejeniyoyi na 87 da 98 na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, waɗanda Nijeriya ta amince da su tun 1960, ba su da ƙarfin doka a kotunanmu sai majalisa ta mayar da su dokar ƙasa.

Mai Bayarwa Ya Karɓe

Ba a daɗe ba aka ga ɗaya fuskar takardar. A 1988, lokacin da tsarin tsuke bakin aljihu ya gallabi jama'a, NLC ta dare gida biyu a taronta na Binin, ɓangaren Ali Chiroma da na Takai Shamang. Da ma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gwamnatin Janar Babangida ta rushe shugabancin, ta naɗa kantoma, har zuwa ƙarshen shekarar da aka zaɓi Pascal Bafyau. A shekarar ce kuma aka haramta ASUU. An ɗage haramcin a 1990, aka sake ƙaƙaba shi a 1992.

A nan akwai abin lura. Ranar 3 ga Satumba, 1992, gwamnatin da ta ce babu ASUU a doka ta sa hannu a yarjejeniya da malaman da Attahiru Jega yake jagoranta, saboda azuzuwa sun ƙi buɗuwa. Doka ta iya soke suna, amma ta kasa tura malami aji.

Zamanin Janar Abacha ya fi tsanani. Bayan yajin da ma'aikatan man fetur suka soma a watan Yuli, 1994 kan soke zaɓen 12 ga Yuni, aka rushe shugabannin NLC da NUPENG da PENGASSAN a watan Agusta, aka tsare Frank Kokori har zuwa 1998. A 1996 aka rage yawan ƙungiyoyi zuwa 29. Sai bayan hawan Janar Abdulsalami ne aka soke dokokin, a farkon 1999 aka zaɓi Adams Oshiomhole, wanda ya taso daga masaƙun Kaduna.

Reshe Ya Juye da Mujiya

A mulkin farar hula dabara ta sauya. Bayan jerin yajin aiki kan ƙarin kuɗin mai, gwamnatin Obasanjo ta kawo gyaran doka na 2005, wanda ya ce shiga ƙungiya ganin dama ne, ya kuma buɗe ƙofar kafa wata cibiya ban da NLC. Ta haka TUC ta sami rajista. Gyaran ya kuma tsaurara sharuɗɗan tafiya yaji. Gwamnatin da a 1978 ta haɗe ma'aikata da sunan zaman lafiya, ita ce a 2005 ta raba su da sunan 'yanci.

Gyaran Tsarin Mulki na 2010 ya ɗaga darajar Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, ya ba ta ikon aiki da yarjejeniyoyin ƙwadago na duniya da Nijeriya ta amince da su. Da wannan iko ne a watan Yuli, 2023 kotun, a ƙarƙashin Mai Shari'a Benedict Kanyip, ta yi watsi da ƙarar ASUU, ta tabbatar da rajistar CONUA da NAMDA. Hujjar da Osawe ya kawo ya faɗi a 1985 ita ce ta yi nasara bayan shekara 38, kuma a wannan karo ƙungiya ce ta roƙi kotu ta rufe ƙofa, gwamnati tana cewa a buɗe.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, muna iya cewa haɗin kai da 'yancin zaɓi duka haƙƙin ma'aikaci ne, sai dai hukuma takan ɗauki wanda ya dace da buƙatarta ta doki ɗayan da shi. Ƙungiyar da ta dogara ga takarda kaɗai ta ɗaura zanen aro ne, wanda ba ya rufe katara. Abin da ya riƙe malamai a 1992 shi ne amincewar mambobi, ita kuwa ba a ofishin Magatakarda ake ba da ita ba.

Akwai kuma waɗanda duk wannan dambarwa ba ta kai gare su ba. Doka ta hana soja da 'yan sanda da ma'aikatan kwastan kafa ƙungiyar ƙwadago. Ga kuma 'yan'uwanmu da muke gani kullum a nan Kudu: 'yan dako a kasuwar Mile 12, masu gadi, leburorin gini, da masu aikin wucin gadi da ake sallama ba takarda ba sisi. Ɗalibanmu da za su zama lauyoyi da 'yan jarida da marubuta, ga filin da ke jiransu, domin fiye da shekara 80 bayan dokar 1938, waɗannan bayin Allah ba su kai ko matsayin da ma'aikatan reluwe suka taka a 1940 ba.