TARIHIN FIJO 504 DA YADDA ZA KA GANE KO INJINTA NA ASALI NE

Duk mai bin wannan shafi ya san cewa in ka danna *#06# waya za ta nuna maka IMEI ɗinta mai lamba 15, sai ka gwada da na jikin kwali. To, ita ma mota tana da irin nata, kuma nata ya girmi na waya nesa ba kusa ba.

A 1960 kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da 404, sannan 504 ta biyo baya a 1968. Daga 1975 masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara haɗa Fijo a nan gida, kuma ta ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da dainawa. Shi ya sa dattijon Gwandu ko Kalgo in ya ce maka "mota", sau da yawa Fijo yake nufi: ita ce ta ma'aikacin gwamnati, ita ce ta haya zuwa Jega da Birnin Kebbi, a-kori-kurarta kuma ita ke kwaso buhunan shinkafa da albasa.

Sai 1986 ta zo da tsarin SAP, naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin talaka. Daga nan tsofaffin injuna na Turai, waɗanda muke kira Beljiyam, suka cika kasuwa ta Legas da Kwatano. Inji ya buga, bakanike ya sauke ya ɗora wani, ba wanda ya koma ya gyara takarda. Ga shi kuma injin XN mai cc 1971 na 504 an sa irinsa a 505, don haka musanyar ba ta da wuya.

Yau in za ka sayi tsohuwar Fijo, ko za a yi mata kuɗi wajen rabon gado, wanga bambanci kuɗi ne. A Turai da Amurka masu tara tsofaffin motoci sun fi biyan wadda injinta na asali yake ciki. A nan kuma, inji mai lambar da ta saɓa wa takarda yana iya sa a tuhume ka da kayan sata.

Ga yadda za ka duba:

1. Nemi takarda mafi tsufa. In ka ga Sakkwato a kai kada ka tsorata, sai ranar 27 ga Agusta 1991 aka cire Kebbi daga Jihar Sakkwato.

2. Lambar inji a jikin bulo ake buga ta, ba a murfi ko hedi ba, domin su ana canja su. Bari inji ya huce, ka goge wurin da tsumma da kalanzir. Kar ka kankare.

3. Kunna tocilar waya ka haska ta gefe, ba kai tsaye ba, ka ɗauki hoto ka buɗa shi. Bugun kamfani a jere yake, zurfinsa ɗaya. In ka ga alamar gurza, walda, ko haruffa na hawa da sauka, an taɓa.

4. Gwada lambar inji da ta chasis da abin da ke takarda, harafi bayan harafi. Kar ka nemi lamba 17 a motar shekarun 1970, wannan tsari sai farkon shekarun 1980 ya kankama.

In lambobi ba su zo ɗaya ba, ba lallai motar sata ba ce. Ka nemi rasit ɗin injin, ka rage farashi, kuma ku je ofishin lasisi a gyara takarda kafin kuɗi ya bar hannunka.

Tura wa wanda ka san yana da tsohuwar Fijo ajiye a gida.